Daga allon aduwa zuwa allon lantarki: wa zai saya a Malanville?

 Abin da ke gabanku shi ne maganar da muka yi a shirin da ya wuce. Mun zuba ta a takarda saboda waɗanda suke daji da dabbobi, ko suke kan hanya da kaya, lokacin da aka watsa ta. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi.

Abin da ya jawo maganar, wani dattijo ne ɗan kasuwa, sa'an mahaifina, ya tare ni ranar Asabar a kasuwar Malanville. Ya zaro wani abu daga jakarsa, faɗinsa kamar littafin rubutun ɗan lakwal, kaurinsa bai kai na yatsa ba. Fuskarsa ba ta ƙyalli irin ta salula. Fari-fari ce kamar takarda, rubutu baƙi a kwance a kai, ga ɗan alƙalaminsa na roba da ake rubutu da shi a kan fuskar. Ya ce a cikin kayan gwanjo ya tsince shi a Kwatano. Wanda ya sayar masa ya ce yana ɗaukar littafi dubbai, ana rubuta lissafi a ciki, kuma caji ɗaya yana kai shi makonni. Sai ya ce mini: "Ɗana, ku da kuka yi boko, in sa kuɗina in ɗauko kwali guda in gwada, ko in bari?"

Na ce, "Baba, a ba ni mako guda." Jarin mutum ba abin wasa ba ne, balle a irin wannan lokaci da hanya ke buɗewa tana rufewa. Da na zauna bincike sai na ga ashe tambayar tsohuwa ce. Kusan duk abin rubutu da ya taɓa shigowa ƙasar nan, sai da wani ɗan kasuwa ya tsaya ya yi wa kansa irin wannan tambaya.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Tun kafin Faransawa su laƙaba wa garin nan sunan gwamnansu na Dahome, Henri Malan, tun wurin yana tungar masunta da masu fito, akwai allo a ƙasar Dandi. Itace ne, galibi na aduwa, masassaƙi ya sassaƙe shi ya goge. Tawada gawayi ce ko baƙin tukunya da ƙaro, alƙalami kuma na gamba ko na kara. Yaro ya rubuta, ya haddace, ya wanke, ya shanya, ya sake rubutawa. Allo ɗaya kan kai yaro shekaru, ƙanensa ma ya gada. Ku lura da kyau, don za mu dawo kansa: allo ɗaya ne tak, amma karatun da ke bi ta kansa ba shi da iyaka. Rana ba ta hana ganin rubutunsa. In ya faɗi ƙasa sai a kakkaɓe. In ya tsage, masassaƙi yana nan bayan kasuwa. Mai tashi da ruga ya ɗaura shi cikin kaya a bayan takarkari, ya sauke shi a mashekari, karatu ya ci gaba. Aibinsa guda ne, ba ya ajiya. Abin da aka wanke ya tafi, sai dai wanda ya zauna a ka.

Ajiya aikin takarda ne, takarda kuwa baƙuwa ce. A ƙarni na 18 da na 19 mafi yawan wadda malamanmu suka yi aiki da ita daga Italiya take fitowa. Ta sauka Tarabulus ko Masar, raƙuma su ratsa Sahara da ita har Kano. In ka ɗaga ta a rana za ka ga alamar jinjirin wata guda uku a jikinta, kuma da wannan alama masu saye ke gane ta ƙwarai. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya lissafa takarda cikin kayan da ake kawowa daga arewa. A irin wannan takarda aka yi ta kwafar littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi na Gwandu da 'yarsa Nana Asma'u. Ba a ɗinke littafi a lokacin. Falle-falle ake barinsa a cikin gafaka, ta yadda ɗalibai uku ko huɗu za su raba littafi guda, kowa ya ɗauki nasa fallen.

Daga Kano da Sakkwato kuma fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suka biyo da ita ta wannan yanki. Su ƙetare Kwara a wajajen Illo da Gaya, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga. Kowane babban ayari yana da madugu da jagaba, yana kuma da malamin ayari. Shi ke rubuta wasiƙa, shi ke riƙe lissafi, shi ke ƙididdige kayan wanda ajali ya riska a hanya don a kai wa magada. Alhaji Umaru na Salaga, wanda aka haifa a Kano ya rasu a Kete Karaci a 1934, a cikin irin wannan zirga-zirga ya tashi, har ya rubuta littafi a kan yadda ake tsara wasiƙa. Kun ga ke nan alaƙar ɗan kasuwar kan iyaka da rubutu ba ta yau ba ce. Amma duk da haka takarda ba ta kori allo ba. Tana da tsada, ruwa da gara suna cinye ta. Sai aka raba musu aiki: allo na koyo, takarda ta ajiya da shaida.

Zuwan Turawa ya kawo injin buga littafi da makarantar boko. A ɓangaren Ingilishi, Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa. Ku dubi sunan kawai: kuɗinta kwabo ne, wato an auna aljihun talaka kafin a fito da ita. A ɓangarenmu na Faransa kuwa, lakwal ta zo da faransanci, ta kuma zo da nata ɗan baƙin allo da alli, wanda yaro ke rubuta amsa ya ɗaga wa malam, ya goge. Allo ne dai ya sake riga.

Akwai wani darasi a nan da ya kamata mai saro kaya ya riƙe. Littattafan addini bugun Masar sun daɗe suna shigowa, amma mutanen makarantar allo da yawa ba su sake da su ba, don ba irin rubutun da idonsu ya saba da shi ba ne. Sai masu buga littafi suka yi dabara. Aka sa marubuta na Kano, irin su Sharu Bala Gabari, suka rubuta da hannu da salon gida, aka ɗauki hoton rubutun aka buga da inji, aka bar shi falle-falle kamar na da. Nan take ya samu kasuwa, har rumfunan masu littafi na Gaya da Kamba da nan Malanville. Injin baƙo ne, amma sai da ya yi magana da bakin gida kafin a saye shi.

A 1958 aka gina gadar farko tsakanin Malanville da Gaya, aka ƙara ta biyu a ƙarshen shekarun 1980. Manyan motoci suka maye gurbin jakuna, littafin lissafi da biro suka maye gurbin malamin ayari. Rediyo ta shigo, BBC ta fara Hausa a 1957, ƙaramar rediyo mai batir ta zama abokiyar makiyayi. Daga wajen shekarar 2000 salula ta iso ƙasashenmu. Yau mai shanu a Gene yana jin farashin kasuwar Kamba ta saƙon murya, ko da bai san baƙi ko ɗaya ba. Ku riƙe salular nan a zuciya, don ita ce kishiyar abin da dattijon nan ya nuna mini.

To mene ne shi wannan abu? Ana ce wa fasahar tawadar lantarki. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka ne suka ƙirƙiro ta, suka kafa kamfanin E Ink a 1997. Daga baya, a 2009, wani kamfanin Taiwan ya saye shi. Yadda take aiki ba wuya. A ƙarƙashin fuskar akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, kowace ba ta wuce kaurin gashi ba, a cikinta akwai ruwa da garin fari da garin baƙi. In lantarki ya taɓa ta, sai baƙin ya taso sama farin ya nutse, ko farin ya taso baƙin ya nutse. Da sun tsaya sun tsaya, ba su ƙara cin wuta sai an juya shafi. Shi ya sa batir ke daɗewa. Kuma ba haske take feso maka a ido kamar salula ba, hasken gari take mayarwa kamar takarda, don haka da tsakar rana ma ta fi fitowa. Sai dai tana da nawa. Ba ta iya nuna bidiyo yadda ya kamata, mai launi kuma launinta a dushe yake.

Kamfanin Sony ya fito da na'urar karatu mai wannan fuska a Japan a 2004. A watan Nuwamba na 2007 kamfanin Amazon ya fito da Kindle, ƙarama mai inci 6, a kan dala 399. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Cikin 'yan sa'o'i ta ƙare. Ganin haka sai kamfanoni suka ce, in ƙarama ta yi kasuwa, ai babba za ta fi: ɗalibi ya zuba littattafan makaranta, ma'aikaci ya zuba takardun ofis, mai jarida ya karanta jaridarsa. A 2009 Amazon ya fito da Kindle DX mai inci 9.7 a kan dala 489, wato sama da jaka 200 ta sefa a canjin lokacin. Aka raba wa ɗalibai a wasu jami'o'in Amurka don gwaji. Da yawansu suka yi ƙorafi cewa juya shafi yana da nawa, ga wahalar yin rubutu a gefen shafi, abin da ko almajiri mai gafaka yana yi ba tare da tunani ba.

Ana cikin haka, a watan Afrilu na 2010, kamfanin Apple ya fito da iPad. Girmansa inci 9.7, daidai da waccan, kuɗinsa dala 499. Dala goma ce kawai tsakaninsu, amma shi yana da launi, yana nuna bidiyo, yana shiga intanet a guje. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa in an jera kaya biyu kuɗi ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya ɗaukar ido. Kafin 'yan watanni Amazon ya rage kuɗin tasa zuwa dala 379, daga baya ya daina yin ta. A shekarar nan ta 2010 kamfanin iRex na Holan, wanda ya riga kowa yin babba mai alƙalami, ya karye. Wani kamfanin, Plastic Logic, ya janye tasa tun ba ta shiga kasuwa ba.

Amma babbar ba ta mutu ba, sai dai ta rage buri. Sony ya fito da mai inci 13.3 a 2013, kuɗinta ya haura dala 1,000, masu sayenta lauyoyi ne da malaman jami'a da ke fama da tarin takardu. A 2017 wani kamfanin Norway mai suna reMarkable ya fito da tasa, bai tallata ta a matsayin mai yin komai ba, ya ce littafin rubutu ne kawai da ba ya cika. Kamfanin Onyx na ƙasar Sin ya bi wata hanya da nasa Boox, ya sa masa irin manhajar da ke cikin salula don ya yi ayyuka da yawa. A ƙarshen 2022 Amazon ya dawo da Kindle Scribe mai inci 10.2 da alƙalami, a kan kusan dala 340. Yau kasuwar tana nan, amma ta masu hali ce, waɗanda suka riga suna da salula da kwamfuta, suna neman abu na uku da zai hutar da idonsu. Abin da zai ba ku dariya, ɗaya daga cikin wuraren da tawadar lantarki ta fi samun karɓuwa shi ne 'yan ƙananan alamun farashi da ake liƙawa a kantocin Turai, a canja kuɗin kaya daga ofis ba tare da an cire takarda ba.

An gwada ta a yankinmu ma. A 2010 wata ƙungiya mai suna Worldreader ta raba wa 'yan makaranta a Gana ƙananan Kindle cike da littattafai. Yara sun yi karatu, wannan gaskiya ne. Amma fuskokin da yawa sun fashe a hannunsu, don a ƙarƙashin fuskar akwai gilashi siriri, kuma ba mai gyara a kusa. Bayan 'yan shekaru ƙungiyar ta karkata ga zuba littattafai a cikin salular da mutane suka riga suka mallaka.

Yanzu mu dawo gida mu auna ta da mudunmu. A wajen rana da batir, na'urar nan ta ci jarrabawa, har ta fi salula. Makiyayin da ke kwana goma bai ga wurin caji ba zai yaba mata. A wajen faɗuwa da ƙura da ruwa kuwa, allon aduwa ya fi ta nesa ba kusa ba. Lokacin da aka rufe gada bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kun ga yadda kaya suka koma kwalekwale, kun kuma san abin da ruwa da lodi ke yi wa kayan gilashi. In ta fashe, yaran da ke gyaran salula a kasuwa ba su da fuskarta.

Sai maganar harshe. Me ke cikinta? Littattafan da ake sayarwa a rumbun waɗannan kamfanoni galibi na turanci da faransanci ne, kuma ana biya ne da katin banki ta intanet. Na Hausa kaɗan ne, na Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci sun fi ƙaranci. Littattafan Hausa na yanzu ma a salula suke yawo, daga hannu zuwa hannu ta WhatsApp. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa cikin iyayenmu da kunne suke karatu. Salula tana magana, tana kira, tana aika kuɗi, tana haska hanya da dare. Wannan kuwa shiru take, sai wanda ya iya baƙi.

Akwai kuma maganar shaida. Takardar ƙetare iyaka da dabbobi da ƙungiyar CEDEAO ta tsara tun 1998, da takardar allurar shanu, da takardun duwan, duk hatimi da sa hannu ake nema a kansu. In an tsayar da kai a shinge, takarda za ka miƙa. Haka littafin bashi: abin da ke ba shi ƙarfi shi ne an rubuta a gaban mutum, ba a gogewa sai an ga alama. Allon da ake sharewa da taɓawa ɗaya, ba kowane mai bin bashi ne zai yarda da shi ba. Ga kuma kuɗi. Sabuwa ta haura jaka 200, kuɗin da zai sayo salula mai kyau da ɗan faifan sola, a yi canji.

Wa zai saya ke nan? Akwai su, amma ana iya ƙirga su da yatsu: malamin da ke da littattafan larabci masu yawa da aka ɗauki hotonsu, wanda ƙaramar fuskar salula ke wahalar da idonsa, ɗalibin jami'a a Parakou ko Yamai ko Sakkwato, mai fiton kaya da ke kwana cikin takardu. Irin waɗannan ba a rumfa suke tsintar ta ba, saƙo suke bayarwa a kawo musu.

Amsar da na kai wa dattijon ita ce: "Baba, kada a ɗauko kwali. In wani ya ba da saƙo ya ajiye kuɗi, a kawo masa guda ɗaya. Kafin a karɓi ta gwanjo a duba fuskar ko akwai tabo ko layin da ba ya gogewa, a duba ko batir yana riƙe wuta, a tabbatar ba a kulle take da sunan mai ita na farko ba, a kuma gwada zuba mata littafi daga salula a gabanku." Ya yi dariya ya ce wadda ke hannunsa jikansa zai ba wa, ya ga ko za ta kai damina.

Ba na ce ranarta ba za ta zo ba. Takarda ma sai da ta yi arha, injin bugu ma sai da ya koyi rubutun gida. Ranar da aka yi irin wannan allo da ba ya fashewa, mai karanta wa mutum Hausa da Fulatanci da baki, a kuɗin tunkiya guda, ku zo mu sake zama. Kafin nan, mai allo a gida ya adana shi, mai littafin lissafi ya sa shi a leda kafin ya shiga kwalekwale.

Wanda ya taɓa amfani da irin wannan na'ura a cikinku, ko yake da tsohuwar takarda mai wata uku da ya gada, ya leƙo tasha ko ya aiko da saƙon murya, mu ji daga bakinsa a shiri na gaba. Allah ya tsare hanya, ya ba da sa'ar kasuwa, ya albarkaci garke.